Kafin ka yi wa wayar ofis filashin: fashin baƙi ga masu shirin jarrabawar A+

Duk wanda ya taɓa zama a teburin gyaran waya a Abuja, ko a Banex Plaza da ke Wuse 2, ko a wani shago a Nyanya ko Kubwa, ya san yadda aikin ke tafiya. Mai waya ya zo ya faɗi abin da ke damunta, ka buɗe ka canza abin da ya lalace, in ta ƙi jin magani ka yi mata filashin, wato ka goge ta ka sake ɗora mata tsarinta, ya biya ya kama gabansa. Ku biyu ne kawai a cikin maganar, kai da shi. To amma ma'aikatun gwamnati da bankuna da ƙungiyoyin agaji da suka cika garin nan suna raba wa ma'aikatansu wata irin waya da tabilet wadda wannan tsari bai dace da ita ba. Wanda ke riƙe da ita sau da yawa ba shi ne mai ita ba, kuma saitinta ba a hannunsa yake ba. Akwai na uku da ba ka ganinsa, wata saba ce, wato babbar kwamfuta, a can nesa da ke ba wayar umarni, wayar kuma tana bi. A nan ne mai gyaran da hannunsa ya faɗa yake yin tuntuɓe idan ya samu aikin ofis, kuma a nan ne tambayoyin jarrabawa suke kama shi.

Jarrabawar da aka fi nema a matakin farko ita ce CompTIA A+. Takarda biyu ce, sai ka ci duka kafin a ba ka shaida. Sabon zubinta, mai lamba 220-1201 da 220-1202, ya fito a watan Maris na 2025. Kowace takarda minti 90 ce, tambayoyinta ba sa wuce 90, ana cin ta farko da maki 675, ta biyu da 700, cikin 900. Shaidar tana aiki shekara uku kafin a sabunta ta. Batun wayoyi ya ratsa takardun biyu: ta farko ta fi karkata ga kayan jikin na'ura da haɗuwa da sabis, ta biyu ga manhajoji da tsaro. Wanda ke son zurfafawa daga baya akwai MD-102 ta Microsoft, wadda kusan kacokan a kan kula da na'urorin ma'aikata take.

Tsarin da ake kula da waɗannan wayoyi ana kiransa MDM a taƙaice, wato sarrafa na'urorin hannu daga wuri guda. Microsoft Intune na cikin waɗanda aka fi sani, akwai Jamf ga kayan Apple, akwai Knox na Samsung. Abin da ke faruwa shi ne a yi wa waya rajista da sabar ma'aikata, daga nan sai sabar ta riƙa aiko mata da dokoki: dole a sa lambar sirri mai tsawo kaza, dole a rufe bayanan ciki ta yadda ɓarawo ba zai iya karantawa ba, ga waifai na ofis da takardar shaidarsa, ga imel, ga manhajojin da aka yarda da su, ga waɗanda aka hana. Wayar ba ta zama a haɗe da sabar kowane lokaci. Takan leƙa ne lokaci-lokaci ta ga ko akwai sabon umarni, a Intune kusan duk bayan awa takwas, sai in an tashe ta da saƙon gaggawa ko mai riƙe da ita ya danna neman daidaitawa da kansa. Ka riƙe wannan da kyau, domin matsaloli masu yawa daga nan suke tasowa: an aika umarni, amma wayar ba ta leƙo ba tukuna.

Tambayar farko da ya kamata ta fito daga bakinka kafin ka taɓa komai ita ce: wayar ta waye? Amsar ita ke nuna iyakar abin da aka halatta maka. Akwai wayar da ma'aikata ta saya don aiki kaɗai, kamar tabilet ɗin da ake bai wa masu tattara bayanai a ƙauyukan Kwali da Abaji, wadda sau da yawa ake kulle ta a kan manhaja ɗaya tak. Akwai wadda ma'aikata ta saya amma ta yarda mutum ya yi harkokinsa a ciki, littattafan jarrabawa na kiranta COPE. Akwai kuma wayar ma'aikaci ta kansa da ya yarda a sa mata imel da manhajojin ofis, wato BYOD. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi yawan kawo saɓani, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta.

Tun daga Android 5.0 da ya fito a 2014, Google ya shigo da abin da za mu kira sashen aiki. Idan aka yi wa wayar mutum rajista ta wannan hanya, sai a keɓe wani ɓangare a cikinta, manhajojin da ke ciki su fito da ɗan hoton jakar ofis a gefensu. Kamar mutum ne ya ba da hayar shagon ƙofar gidansa: ɗan haya na da makullin shago, yana iya shirya kayansa, yana iya kwashe su ya tafi, amma ba shi da hanyar shiga cikin gida. Mai kula da tsarin yana ganin samfurin wayar, da zubin Android ɗin da ke kanta, da ko tana da kulle. Ba ya ganin hotuna, ba ya karanta saƙonni, ba ya ganin wanda aka kira, ba ya kuma iya goge wayar gaba ɗaya, sashen aikin kaɗai yake iya cirewa. Ina ganin wajibi ne ma'aikacin fasaha ya iya faɗin wannan da Hausa mai sauƙi, domin tsoron da mutane ke ji gaskiya ne. Uwa ce da hotunan 'ya'yanta a waya, magidanci ne da hirar iyalinsa. Idan Hajiya ta ce maka, "Ɗana, yanzu ke nan oga zai riƙa ganin WhatsApp ɗina?", amsar da ka ba ta ita za ta sa ta bar rajistar ko ta cire ta da ta koma gida. Wayar da ma'aikata ta saya kuwa hukuncinta daban ne, ikon mai kula ya fi faɗi a kanta, kuma gaskiya ita ce a gaya wa mai riƙe da ita tun ranar da aka miƙa masa.

CompTIA na koyar da matakai shida na bin diddigin matsala: ka gano ainihin abin da ke faruwa, ka yi hasashen dalili, ka gwada hasashen, ka tsara gyara ka aiwatar, ka tabbatar komai ya dawo daidai, ka rubuta abin da ka yi. Haddace su ba wuya. Abin da jarrabawa ke aunawa shi ne ko ka san abin da ake farawa da shi, shi ya sa tambayoyinta ke yawan cewa "me za ka fara yi" ko "me ya kamata ya biyo baya". Amsar kusan kullum ita ce matakin da ya fi sauƙi, wanda ba ya ɓata bayanan kowa.

Ga misalin da kowane teburin taimako a ofis ya sani. Ma'aikaci ya shigo da safe ya ce imel ɗinsa ya daina shigowa tun jiya. Waya lafiya lau, data na aiki, yana kallon bidiyo. Mai gyaran kasuwa zai cire manhajar ya sake saukewa, in bai yi ba ya ce a yi fomatin. Amma a wayar da ke ƙarƙashin kulawa, tambaya ta biyu bayan ta mallaka ita ce: shi kaɗai ne, ko akwai wasu? Sai ta uku: me ya canza? "Malam, ka canza kalmar sirrinka a kwamfuta kwanan nan? Ka cire kullen allo? An nemi ka sabunta wayar ka ɗage?" Dalilin tambayoyin shi ne akwai dokar cika sharuɗɗa. Sabar tana duba kowace waya ta ga ko ta cika abin da aka gindaya, misali kada zubin Android ko iOS ɗinta ya gaza kaza. Idan ta gaza, sai a yi mata alamar ba ta cika sharaɗi ba, daga nan tsarin shiga asusu, kamar Microsoft Entra ID, ya rufe mata ƙofar imel da fayilolin ofis. Wayar ba ta lalace ba, an hana ta shiga ne da gangan. Ka buɗe Company Portal, wato manhajar Intune da ke kan wayar, za ta gaya maka sharaɗin da aka karya. Ka gyara shi, ka danna daidaitawa, ka jira 'yan mintoci. Aikin da zai ci wuni guda da asarar hotunan mutum ya ƙare cikin kwatan awa.

Agogo ma yana yin irin wannan ɓarna, kuma mutane kan raina shi. Takardun shaidar da ke tabbatar da waifai na ofis da VPN, wato rufaffiyar hanyar shiga intanet ɗin ofis daga nesa, suna da ranar farawa da ranar ƙarewa, lambobi shida na manhajar tantancewa kuma suna canzawa duk daƙiƙa 30. Idan agogon waya ya kauce, ko an bar ta a kan lokacin wata ƙasa bayan tafiya, duk waɗannan sai su ƙi. Mayar da agogo ya riƙa saita kansa daga sabis ya isa.

Idan kuwa amsar tambaya ta biyu ita ce ba shi kaɗai ba ne, to ka ajiye wayar, matsalar ba a hannunka take ba. A ce duk iPhone da iPad na ofis sun daina karɓar umarni a rana ɗaya, alhali na Android na aiki. Abin da za ka fara zargi shi ne takardar shaidar tura saƙo ta Apple. Sabar MDM ba ta magana da iPhone kai tsaye sai ta bi ta hanyar tura saƙo ta Apple, kuma takardar izinin yin haka shekara ɗaya take yi. Dole a sabunta ta da asusun Apple ɗin da aka ƙirƙire ta da shi. Idan wanda ya buɗe ta da asusunsa na kansa ya bar aiki, aka rasa hanyar shiga, aka ƙirƙiri sabuwa da wani asusu, to sai an sake yi wa kowace na'ura rajista ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙiyasta wannan a ƙungiyar da tabilet ɗinta ke warwatse daga Abuja zuwa Maiduguri. Shi ya sa ake buɗe irin wannan asusu da imel na ma'aikata, a kuma rubuta ranar ƙarewar a inda fiye da mutum ɗaya zai gani. Wani lokaci kuma katangar tsaron intanet ɗin ofis ce ta toshe hanya. Apple na amfani da ƙofa mai lamba 5223 da 443, saƙonnin Google kuma 5228 zuwa 5230. Alamar wannan a bayyane take: waya na karɓar umarni a kan data, amma da ta hau waifai na ofis sai ta yi shiru.

Akwai abubuwan da littattafan da aka rubuta a Amurka ba za su gaya maka ba, amma a Abuja za ka gamu da su a makon farko. Yawancin ma'aikata wayoyin Android masu sauƙin kuɗi suke riƙewa, kuma da yawa daga cikinsu suna da tsarin tattalin batir mai tsanani da ke kashe duk manhajar da ke aiki a bayan fage. Idan ya kashe manhajar kulawa, wayar ta daina leƙa saba, bayan kwanaki a ce ba ta cika sharaɗi ba. Maganin shi ne a shiga saitin batir a cire wa manhajar takunkumi. Ƙananan wayoyi masu Android Go galibinsu ba sa ɗaukar sashen aiki sam. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 ba su da manhajojin Google, don haka ba sa shiga Android Enterprise, wato tsarin Google na kula da wayoyin aiki. Tsohuwar hanyar kulawa ta mai gudanar da na'ura ma ta wuce, Intune ya daina tallafa mata a wayoyi masu manhajojin Google a ƙarshen Disamba 2024. Duk wannan yana nufin wani lokaci amsar gaskiya ita ce wayar ba za ta iya ba, kuma gara a faɗa da wuri a nemi wata hanya.

Sai batun layi. Tun Disamba 2020 da hukumar sadarwa ta NCC ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN, an sha rufe layukan da ba su cika sharaɗi ba. Layin da ke cikin tabilet ba a kira da shi, don haka ba wanda ke lura an rufe shi sai ranar da ma'aikaci ya kasa tura rahoto daga ƙauye. Kafin ka zargi eriyar na'ura, ka cire layin ka sa a wata waya, ka duba ko data ta ƙare, ka duba saitin APN, wato na haɗuwa da datar kamfanin layi, ka tabbatar ba a bar ta a yanayin jirgin sama ba.

Kayan jiki ba sai na daɗe a kansu ba, domin nan ne gwanintar 'yan kasuwarmu take. Ƙurar hunturu na cika ramin caji har waya ta ƙi ɗauka, ka share da abin da ba ƙarfe ba, ka gwada wata igiyar caji da wata caja kafin ka ce ramin ya mutu. Zafin Maris da Afrilu a Abuja na wuce abin da aka ƙera wayoyi su jure, Apple ma ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35, don haka wayar da aka bari a gaban mota a Area 1 za ta rage gudu ko ta kashe kanta. Allon da ke nuna hoto amma ba ya jin taɓi, gilashin taɓi ne ya samu matsala. Batir da ya kumbura har ya ɗaga allo, a kashe wayar nan take, kada a sa ta caji, kada a danna, kada a huda, domin yana iya kamawa da wuta. Bambancin kawai shi ne a ofis ba ka buɗe na'urar ma'aikata sai ka duba ko tana da garanti, kuma ba ka kai ta waje gyara da bayanan ofis a cikinta.

Takarda ta biyu tana son ka gane alamun wayar da aka yi wa kutse: data na ƙarewa da sauri ba dalili, tallace-tallace na faɗowa ko'ina, gargaɗin ƙarya cewa wayarka ta kamu da cuta, batir na zuba, waya na nauyi. A wajenmu tushen abin sau da yawa manhajojin da aka tura wa juna ne daga waya zuwa waya ba ta Play Store ba, irin su jabun WhatsApp masu ƙarin kwalliya, da manhajojin bashi da ke neman izinin shiga lambobin mutanenka. Wayar da aka fasa kullen tsarinta, wadda masu gyara ke cewa an yi mata rutin, sabar na gane ta ta hana ta shiga. Idan ka ga irin waɗannan alamu a wayar ofis, ka fara raba ta da intanet, ka sanar da masu tsaron bayanai, kada ka goge komai tukuna domin za su buƙaci ganin abin da ya faru.

Ɓatan waya shi ne inda kuskure ya fi tsada. An ƙwace wa ma'aikaci waya a hanyar Mararaba, ya kira hankali a tashe. Akwai umarni biyu a gabanka da suka yi kama da juna. Ɗaya na cire bayanan ofis kaɗai ya sallami wayar daga kulawa, ɗayan na goge komai ya mayar da ita kamar sabuwa. Na farko shi ne na wayar mutum ta kansa, da kuma ranar da ma'aikaci ya bar aiki. Na biyu na wayar ma'aikata ce da aka fitar da rai da ita. Kafin su duka akwai kulle ta daga nesa, da canza kalmar sirrin asusunsa, da sa kamfanin layi ya rufe layin, domin ta layin ne ɓarayi ke shiga asusun banki. Ka tuna kuma umarnin gogewa ba ya aiki sai wayar ta hau intanet. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa ma'aikata sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su. Tabilet ɗin da ke ɗauke da sunayen marasa lafiya ko na 'yan gudun hijira ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa kai rahoto ga na sama da kai cikin gaggawa yana cikin aikin.

Yanzu sai filashin kansa. Tun daga iOS 7 a 2013 Apple ya sa kullen da ke ɗaure iPhone da asusun mai ita, Android kuma ya kawo nasa daga 5.1, wanda 'yan kasuwa ke kira FRP. Idan ka goge waya ba ka cire asusun da ke kanta ba, za ta tashi tana neman sa, in ma'aikacin ya tafi ka shiga uku. Na'urar da aka shigar ta Apple Business Manager, ko rajistar Android ta kai tsaye daga dila, ko ta Knox, an ɗaure ta ne da lambar jikinta a sabar kamfanin da ya ƙera ta. Ko sau nawa ka goge ta, da ta hau intanet za ta koma hannun ma'aikatar da ta saye ta. Wannan shi ne sirrin wasu wayoyin gwanjo da ake kawowa daga waje, waɗanda ke tashi da allon da ke cewa wani kamfani ne ke kula da su. Dabarun tsallake wannan allo da ake yi a kasuwa na ɗan lokaci ne, kullen yakan dawo bayan gogewa ko sabuntawa. Hanya ɗaya ce mai ɗorewa, ma'aikatar da ke da na'urar ta sake ta daga nata ɓangaren. Ina roƙon duk matashin da ke neman aikin ofis ya bar wannan dabara a kasuwa, domin a ma'aikata karya doka ce da za ta iya raba shi da aikinsa, a jarrabawa kuma amsa ce da ba ta taɓa zama daidai.

Rubuta abin da ka yi shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Lambar shaidar waya ta IMEI mai lamba 15, wadda ke fitowa idan ka danna *#06#, da sunan mai riƙe da na'ura, da abin da ya ce, da abin da ka gano, da abin da ka canza. Idan mutum biyar suka zo da matsala iri ɗaya cikin mako, rubutun ne zai nuna cewa wata doka ce da aka aika ta yi karo da wata.

Karatu kaɗai ba zai sa wannan ya zauna maka ba, kuma ba sai ka samu aiki kafin ka gwada ba. Google na da manhaja kyauta a Play Store mai suna Test DPC, wadda ke buɗe sashen aiki a wayarka ta ba ka ikon mai kula. Microsoft kuma na ba da gwajin Intune na kwana 30. Ka nemi tsohuwar wayar Android wadda ba komai a cikinta, ka yi mata rajista, ka kafa dokar da ke neman lambar sirri mai lamba shida, sannan ka karya dokar da kanka ka ga saƙon da ke fitowa a wayar da wanda ke fitowa a saba. Ka karkatar da agogo ka ga abin da zai daina aiki. Ka goge ta, a allon maraba ka taɓa wuri ɗaya sau shida, mai karanta lambar QR zai buɗe, ta nan ne ake shigar da wayar ma'aikata cikakkiyar kulawa tun daga tashin farko. Bayan haka ka gwada umarnin sallama da na gogewa, kowanne sau ɗaya, ka duba abin da ya rage a wayar bayan kowannensu.